Tsohuwar da Ta Kira Umma 'Yarta

Kwanakin baya ina dawowa daga aiki a jirgin ƙasa mai lamba shida, wata Baturiya ta sunkuya tana ɗaure wa ɗanta igiyar takalmi. Yaron yana ta mutsu-mutsu, ita kuma tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ban fahimci komai ba sai kalmar ƙarshe. Ta ce, "kohanye." Na ɗago kai kamar ni aka kira. Har muka iso tashar Parkchester ban sake duba wayata ba, ina zaune ina jin warin dafaffen kabeji da man zafi, alhali babu ko ɗaya a cikin jirgin.

Kalmar ta mutanen Poland ce, ma'anarta abin ƙaunata. Zan rubuta maka ita da 'yan'uwanta yadda kunnena ya ɗauke su ina yarinya, domin da na girma na ga yadda masu yaren suke rubuta su, sai na kasa gane su.

Ban fi shekara bakwai ba muka baro Kano, ni da Umma, muka biyo Baba wanda ya riga mu zuwa Amurka yana tuƙin tasi. Da bizar ziyara muka shigo. Bizar ta ƙare, mu ba mu koma ba. A lokacin ban san abin da hakan yake nufi ba. Na dai san cewa a gidanmu ba a maganar takardu sai an rage murya, kuma Umma tana tsallaka titi idan ta hango motar 'yan sanda, ko da ba ta yi komai ba. Bayan an haifi ƙanena ya fara tafiya, wata maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta samo wa Umma aikin kula da wata tsohuwa da ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Ɗan tsohuwar ne ya ɗauki Umma, mutum ne mai furfura da ke zaune can wajen gari, kuma bai tambayi takarda ba. Ƙanena yana wuni a wurin maƙwabciyar. Ni kuwa idan an tashi daga makaranta sai in wuce wurin Umma, in zauna har ta gama.

Gidan tsohuwar yana cikin dogayen gine-ginen nan na jan bulo. Ta tare a ciki tun tana amarya, tun zamanin da ba a ba baƙar fata haya a wurin, ita da bakinta ta faɗa mana haka, ba tare da alfahari ba kuma ba tare da jin kunya ba. Falon yana da duhu ko da rana tsaka. Akwai labule mai kauri, da agogon bango, da gicciye a saman ƙofa, da hoton wata budurwa mai gajeren gashi a kan talabijin. Da sanyi hitar bango tana ta huci kamar tukunyar da aka manta a wuta. Ran da na fara zuwa na tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakata, ta dube ni daga kan kujerarta da idanunta masu ruwan toka, ta miƙo hannu ta ce da Turanci in matso. Hannun ba nauyi, fatar kamar takarda. Ta ce in riƙa ce mata Babca, wato kaka.

Ina da kaka, kuma na faɗa mata. Mahaifiyar Umma ce, ita ta goye ni a Kano, sunanta aka sa mini, tana ce mini takwara. Babca ta ce ba laifi, yaro ba ya ƙin kaka biyu.

Farkon zaman nasu da Umma bai yi daɗi ba. Umma ta ce ba za ta taɓa naman alade ba, Babca kuma ta ce ita da shi aka yaye ta. Suka yi ta ja har aka tsaya a kan cewa ɗan zai riƙa kawo shi a dafe idan ya zo, wanda ba kasafai yake zuwa ba. Umma tana shimfiɗa dardumarta a lungun kicin, tsakanin firij da taga. Da farko Babca takan ƙara muryar rediyo. Daga baya, ba tare da kowa ya ce mata komai ba, sai ta koma tana kashe shi da zarar ta ji ƙarar famfo na alwala. Umma tana ce mata Madam a gabanta, a gida kuma tsohuwa.

Ni ce abokiyar hirarta. A shekarun farko hankalinta garau yake, Turancinta ma yana nan, mai nauyi, kamar tana tauna kowace kalma. Ina aikin makaranta a kan teburin cin abinci, ita tana kallona tana laƙaba mini sunaye. Yau in zama skarbiye, wato dukiya. Gobe in zama serdushko, 'yar ƙaramar zuciya. Ran da ta ce mini jabko na tambayi ma'anarsa ta ce ɗan kwaɗo, sai na ɓata rai, domin a Kano wanda ya ce maka kwaɗo faɗa yake nema. Ta yi dariya har da tari. Ta ce a yarensu duk abin da kake so sai ka ƙanƙanta shi, ka mayar da shi ɗan mitsitsi yadda zai shiga tafin hannu. Zuciya ta zama 'yar zuciya, rana ta zama 'yar rana. Swonecko, haka take kirana idan na shigo da ƙanƙara a kafaɗata. Na ce mata a garinmu rana guje mata ake yi, ba wanda zai kira ɗansa da ita. Ta ce in bari in ƙara shan sanyin ƙasar nan, zan gane.

Akwai kalma ɗaya da ta ce ba a wasa da ita. Koham ce. Wato ina sonki. Ta ce Amurkawa suna son kowa da komai, suna son kare, suna son takalmi, da kalma ɗaya. Su kuwa abinci da tufafi suna da tasu kalmar dabam, wannan ta mutum ce, kuma ba kowane mutum ba. Ta ce mijinta har ya mutu sau nawa ma ya faɗa mata, za ta iya ƙirgawa. Ta nuna hoton kan talabijin ta ce waccan ce ta fi jin kalmar daga bakinta. 'Yarta ce. Ciwo ya ɗauke ta tana budurwa, tun kafin a haifi Umma.

Ya kamata in gaya maka yadda Umma take, don kada ka ɗauka muguwa ce. Ni 'yar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyarta nake ɗauke da shi, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sai dai ta ce ke, ko yarinyar nan. Ba ta rungumata, ba ta yaba ni a gaban mutane. Da a Kano muke da ban lura ba, domin haka kowace uwa take da ɗan fari. Amma a nan ina ganin iyayen 'yan ajinmu suna sumbatar 'ya'yansu a ƙofar makaranta, ga kuma Babca tana zuba mini sunaye kamar ruwa. Wata rana da yamma muna komawa gida, dusar ƙanƙara ta zama caɓi a bakin titi, na tattaro ƙarfin halina na tambayi Umma ko tana sona. Da Turanci na yi tambayar, da Hausa bakina ba zai iya ba. Ta ci gaba da tafiya kamar ba ta ji ba. Sai da muka kai wurin danja ta ce, "Ja hularki ki rufe kunnuwanki."

Ciwon Babca a hankali ya shigo. Ta fara ajiye cokali a firij, tana neman tabarau alhali yana fuskarta. Ta riƙa tambayar ko mijinta ya dawo daga aiki. Sai Turancin ya fara zubewa. Za ta ɗauko magana da shi, a tsakiya ta zame ta koma yarensu, ta tsaya tana kallonmu tana jiran amsa. Kafin wani sanyin ya zagayo, Turancin ya tafi gaba ɗaya, kamar ba ta taɓa zama a ƙasar ba. Ni ma ta daina gane ni sosai. Wani lokaci in zama swonecko, wani lokaci ta ɓoye jakarta idan na shigo.

Umma ce kawai ba ta ɓace mata ba, sai dai ta zama wata. Wata safiyar Asabar Umma ta shigo da tiren shayi, Babca ta dube ta, fuskarta ta buɗe, ta ce, "Tsurecko." 'Yar ƙaramar 'yata ke nan. Baƙar mace, doguwa, sanye da hijabi, amma ita budurwar hoton take gani. Daga ranar ba ta sake kiran Umma da wani suna ba. Kuma ta ƙi cin abinci. Idan Umma ta ce, "Madam, ki ci," sai ta juyar da kai bango ta yi ta hawaye, tana maimaita wata tambaya. Ɗan ya zo ya saurara, ya fito kicin yana murza goshi. Ya ce tambaya take me ta yi wa 'yarta da take yi mata magana kamar baƙuwa. Ya roƙi Umma ta riƙa ce mata mamo, wato mama, ta kuma amsa mata idan ta ce koham ce. Ya ce shi ya gwada, ba shi take nema ba.

Umma ta kai wa Baba maganar. Ta ce tana da uwa a raye, yaya za ta kira wata uwa, kuma wannan ba ƙarya ba ce? Baba ya ce mara lafiya ce, kuma aiki ne, Allah ya san zuciyar kowa.

Washegari a kicin ɗin Babca, Umma tana dama kunun alkama, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ke, yaya ma ake faɗar abin nan?"

Na ce, "Wanne?"

"Kin sani."

Na faɗa mata. Ta maimaita, ta karkace shi. Na gyara mata. Ta sake faɗa, idonta a kan tukunya, ludayi yana zagayawa. Koham ce. Koham ce, mamo. Muka yi ta yi har ya zauna a bakinta. Ina tsaye kusa da ita, kafaɗata tana kusan taɓa gwiwar hannunta, ina jin mahaifiyata tana cewa ina sonki sau bayan sau, tana kallon kunu. Da ta gama ta zuba a kwano ta wuce falo. Na ji ta faɗa, da murya irin ta mai karanta allo. Na ji ƙarar cokali a jikin kwano. Babca ta cinye tas.

Na yi kishi, ba zan ɓoye maka ba. Na daina zama a falo, na koma yin aikin makaranta a kicin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muryar Umma ta riƙa sauyawa. Da watanni suka tafi ta daina faɗarsa kamar karatu. Tana yi wa Babca wanka, tana sauya mata famfas, tana shafa mata mai a duwawu don kada kwanciya ta ci fatar, tana taje mata ɗan farin gashin nan, duk tana yi mata magana, rabi Hausa rabi 'yan kalmomin da ta tsinta. Idan Babca ta kama hannunta ta sumbata, Umma ba ta janyewa.

A cikin wannan halin ne aka kira daga Kano aka ce kakata ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye.

Kawuna, ƙanin Umma, shi ke riƙe mata waya idan mun kira. Bakinta ya karkace, magana tana fita da ƙyar. Takan ce, "Takwara, kin girma," sannan ta nemi Umma. Tambayarta ɗaya ce kullum. "Yaushe za ki zo?" Umma ta ce bayan sallah. Sallah ta wuce, ta ce idan an yi hutun yara. Umma takan tambayi kawu wa ke yi mata wanka, wa ke juya ta, ana shafa mata mai kuwa? Kawu ya ce matarsa tana ƙoƙari, amma ga yara ga kasuwa. Wata rana Umma ta sa shi ya ɗaga zanen ya nuna mata bayan kaka a waya. Ban ga abin da ta gani ba, ta kare da hannu. Na dai ga ta ajiye wayar ta shiga banɗaki ta daɗe.

Maganar a fili take, ko ni da nake yarinya na gane ta. Idan Umma ta fita daga ƙasar nan ba za a bar ta ta dawo ba. Tana iya zuwa ta yi jinyar uwarta, amma ta bar mu ke nan, ni da ƙanena da bai shiga makaranta ba, wataƙila har mu girma. Ko kuma ta kwashe mu duka, Baba ya zauna shi kaɗai, karatunmu ya tsaya. Baba bai hana ta ba. Ya ce, "Duk abin da kika zaɓa ba zan ga laifinki ba." Ina ganin da ya hana ta da ya fi mata sauƙi. Ta sauko da akwati daga saman kabad, ta zuba atamfofi da magunguna da man zafi. Akwatin ya zauna a buɗe a gefen gado har muka saba da tsallake shi. Kowace safiya ta dube shi, ta sa hijabi, ta tafi wurin Babca.

Daga baya kaka ta daina tambayar yaushe. Idan an kira sai ta yi ta kallon wayar kawai.

Ta rasu a tsakiyar zafi, muna hutun makaranta. Da yake suna gabanmu da sa'o'i, kafin kawu ya kira da safenmu har an yi mata sutura an kai ta an dawo. Umma ta saurara, ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙanta, ta tambayi wa ya yi mata wanka. Ba ta yi kuka ba. Ta kira ɗan Babca ta ce an yi mata rasuwa, ya yi mata ta'aziyya da kyau, sannan ya ce ba shi da wanda zai turo yau, kuma ta san mahaifiyarsa ba ta karɓar abinci a hannun kowa. Baba ya ce ta bari, ya ce yau ba ranar aiki ba ce. Umma ta ce masu gaisuwa sai yamma za su taru, tsohuwa kuma tana kwance cikin fitsari tun jiya. Ta ce mini, "Ɗauko takalminki."

Ranar iska ba ta motsi. Kwalta tana tururi, shara tana wari a bakin gine-gine, yara suna wasa da ruwan famfon titi. Muka shiga gidan, Umma ta buɗe tagogi. Ta ɗaga Babca, ta kai ta banɗaki, ta wanke ta, ta shafa mata mai, ta sa mata riga mai tsabta, ta zaunar da ita a kujera. Duk a tsanake, ba ta tsallake komai ba. Ta dama kunu ta kawo, ta durƙusa a gabanta da kwano. Ni ina bakin ƙofar kicin.

Babca ta karɓi cokali ɗaya, na biyu ta ƙi buɗe baki. Ta tsura wa Umma ido. Ta ɗaga hannun nan nata mara nauyi ta shafa kumatun Umma, ta sa yatsa a ƙarƙashin idonta, inda babu ko ɗigon hawaye. Ta ce, "Nye pwac, tsurecko." Na san wannan, ta sha faɗa mini ina ƙarama. Kada ki yi kuka, 'yata. Sai ta ƙara wata maganar, ita ma na gane ta. Ta ce mama tana nan.

Umma ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. Ta kifa kanta a cinyar tsohuwar. Sautin da ya fito daga gare ta ban taɓa jin irinsa ba, kuma ban sake ji ba. Da Hausa take magana. "Inna, ki yafe mini. Inna, na ce zan zo. Ki yafe mini." Babca ta zame mata hijabin baya, tana shafa kitsonta, tana jijjiga ta, tana jero mata sunayen nan duka, dukiya, 'yar zuciya, 'yar rana. Babu wadda take jin yaren wata. Kunun ya huce a ƙasa. Na so in je in taɓa Umma, amma ban san ta inda zan fara ba, sai na koma kicin na zauna a kan dardumarta har suka yi shiru.

Da yamma mata suka cika ɗakinmu, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Kumasi, Umma tana amsa gaisuwa da busassun idanu. Har wata ta ce kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri. Bayan kwana bakwai ta kwashe kayan akwatin ta mayar da shi saman kabad.

Ba a rufa shekara ba ɗan Babca ya kira ya ce ya samo mata gidan kula da tsofaffi, zai saki gidan hayar. Ya yi godiya, ya ce Umma ta yi abin da ko dangi ba za su yi ba. A waya aka gama maganar. Ran da aka zo ɗaukarta ba a gaya mana ba.

Umma ta samu wani aikin, amma ta nemi kwatancen wurin. Wata Lahadi da sanyi muka hau jirgi, muka sauya wani, muka hau bas. Wurin yana da tsabta da haske, yana warin maganin goge ƙasa. Muka same ta a keken guragu an jera ta da wasu a gaban talabijin. Ta rame har zoben aurenta an ɗaure shi da zare. An yanke mata gashi. Wata nas ta ce ba ta ci sai da dabara, kuma tana ta surutu ba wanda ya san me take cewa. Umma ta durƙusa ta ce, "Mamo." Babca ta ɗago. Ta damƙi hijabin Umma da hannu biyu, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Umma ta fito da kunun da ta zo da shi a fulas, ta ba ta, ta sha har ta bar kaɗan.

Tashin ne ya zama bala'i. Da ta ga Umma ta miƙe sai ta fara cewa, "Do domu, tsurecko, do domu." Gida. Ki kai ni gida. Sai da nas biyu suka ɓamɓare yatsunta daga hijabin. Muna tafiya a dogon barandan nan muna jin muryarta tana bin mu, koham ce, koham ce, ba da taushin da na sani ba, da ihu, kamar mai faɗar kalmar ƙarshe da ta rage mata ko za ta yi aiki. Umma ba ta waiwaya ba. Ta riƙe wuyan hannuna har ya yi mini zafi.

Mun sake komawa, aka sake yin haka. A zuwa na gaba wata mata a teburin shiga ta ce ɗan ya bar saƙo, ziyararmu tana tayar mata da hankali, kwana biyu ba ta barci bayan mun tafi, saboda haka dangi kawai za a riƙa bari. Ta tambayi Umma ko ita dangi ce. Umma ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a'a. Ta miƙa fulas ɗin ta ce don Allah a ba ta tun da zafi. Matar ta ce ba a karɓar abincin waje.

Babca ba ta kai bazara ba. Daga bakin mai sharar tsohon gininta muka ji, bayan an binne ta da makonni.

Yanzu na girma, ina da aure, ina da 'ya. Wasu mutanen Bangladesh ne a gidan Babca, sun sa labule mai haske, idan na wuce ina jin ƙamshin albasa da kori daga tagar. Tsofaffin Turawan da na sani a kan bencinan unguwar duk sun ƙare. 'Yata tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma ina gaya mata ina sonta sau da yawa a rana, da Turanci, har kalmar ta fara yi mini sauƙi fiye da yadda nake so. Idan na faɗa a gaban Umma sai ta sami abin gyarawa a jikin mayafinta. Gwiwoyinta sun lalace saboda ɗaga tsofaffin mutane, da sanda take hawa bene.

Takardunta sun fito bara, bayan doguwar wahala da lauya. Abu na farko da ta yi shi ne sayen tikitin Kano. Da ta isa ta sa kawu ya kai ta maƙabarta. Mata ba sa shiga a wurinmu, sai ta tsaya a bakin katanga, shi ya shiga don ya tsaya a kan kabarin ta hango daga nesa. Ta ce ya yi ta zagaye. Ya tsaya nan, ya matsa can, ya kira mai gadi suka yi ta nune-nune. Damina da yawa sun wuce, ƙasa ta baje, an binne wasu a tsakani. A ƙarshe ya fito ya nuna mata wani sashe da hannu ya ce, "Yaya, wajen nan ne dai." Ta yi addu'arta ta fuskanci wajen nan ɗin.

A kicin ɗina ta ba ni wannan labarin, tana tsinke alayyafo. Sannan ta ce ita waccan tsohuwar kuwa ta san inda kabarinta yake. Ashe tun shekarun baya ta bi ta wurin mai sharar ta gano maƙabartar Kiristocin da aka kai Babca, can kusa da gada, bas ɗaya ne daga gidanmu. Akwai dutse, da suna a rubuce, kusa da na mijinta da na budurwar. Ta ce takan je idan sanyi ya wuce. Ban taɓa sani ba, Baba ma bai sani ba.

Na ce, "Umma, to me kike cewa idan kin je?"

Ta ce, "Me zan ce? Addu'armu ba tata ba ce, yarenta kuma na manta." Ta zuba alayyafon a ruwa. "Ɗan ba ya zuwa. Ciyawa nake cirewa."